TASWIRAR ƊIGO-ƊIGO: YADDA JAMA'AR NIJERIYA SUKA ZAUNA, DA YADDA SUKA TASHI

 Da Edita ya aiko mini cewa lalle bana sai na rubuta wani abu a kan tarihi, na daɗe ina jujjuya maganar a raina, har wata rana ina share akwatin littattafai na ci karo da tsohon littafina na Labarin Ƙasa, gara ta ci gefensa. A tsakiyarsa akwai taswirar Nijeriya wadda na zana da hannuna, na cika ta da ɗigo-ɗigon jar tawada. Duk wanda muka yi aji tare zai tuna da wannan aiki. Malaminmu na Labarin Ƙasa, Allah ya jiƙansa, ya kan sa mu yi ɗigo ɗaya a madadin mutum dubu kaza, sa'an nan ya ce mu ɗaga takardar mu dube ta daga nesa. In ka duba sai ka ga wurare uku sun yi jajir, watau ƙasar Hausa, da ƙasar Yarabawa, da ƙasar Ibo, tsakiya kuwa fari fat sai ɗan abin da ba a rasa ba. Daga nan sai ya tambaye mu dalili, mu kuwa mu yi tsuru-tsuru. Amsar wannan tambaya na ke so in gwada bayarwa yau, bayan fiye da shekara 50, in kuma haɗa da abin da idona ya gani.

Kafin zuwan Turawa

Mu fara da gida. Wani Bature matafiyi, Clapperton, ya shiga Kano cikin 1824, ya ƙiyasta mutanen birnin tsakanin 30,000 da 40,000. Bajamushen nan Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, ya zo cikin 1851, ya ce mazauna sun kai 30,000, amma da rani in fatake suka sauka su kan ninka. Wannan adadi ba zai cika unguwa guda ta Kanon yau ba, amma a zamanin babban birni ne. Abin da ya fi birnin ban mamaki shi ne karkarar da ke kewaye da shi, inda gona ke bin gona, gida na hangen gida. Dalilan haka a fili su ke. Ƙasar jigawa ce mai sauƙin huɗa da fartanya, rijiya ba ta da zurfi ƙwarai, babu ƙudan tsando da zai kashe dabba, ga kasuwa, ga saƙa da rini da jima. Jakuna su kan shiga birni da itace da hatsi, su fito da taki, saboda haka ana noma gona ɗaya shekara da shekaru ba a bar ta ta huta ba. Masana irin su Michael Mortimore da Polly Hill sun yi dogon bincike a kan wannan cunkoso na karkarar Kano.

Jihadin 1804 ya sake fasalin zaman jama'a. An gina Sakkwato cikin 1809, aka kuma kafa garuruwan ribaɗi irin su Wurno, aka tara mutane a cikinsu. Sarakunan Haɓe na Katsina suka koma Maraɗi, Gobirawa suka yi Tsibiri, na Zazzau suka gangara kudu har suka kafa Abuja wajen 1828. Yaƙin da aka yi ta yi tsakanin waɗannan da Daular Usmaniyya ya sa iyakokin da ke tsakaninsu suka zama kufai, kamar Dajin Rugu da Dajin Gundumi, inda ba mai iya kafa bukka ya kwana lafiya. Ciniki ma ya bar Katsina ya karkata Kano.

Akwai kuma maganar da ba mu cika son yi ba, amma tarihi ba ya cika sai da ita. Yawan jama'ar ƙasar Hausa ba haihuwa kaɗai ta kawo shi ba, har da bayi da aka riƙa kamowa daga kudancinmu ana zubawa a rinji da gandu. Abin da ya ƙaru a nan, can ya ragu. Hare-haren da aka riƙa kaiwa daga Kwantagora da Bida da Zariya da Bauci da Yola sun kori ƙananan ƙabilu da yawa, waɗansu suka hau duwatsu suka zauna a matse, suka bar fili mai albarka ba kowa. In ka haɗa wannan da ƙudan tsando mai kawo ciwon barci ga mutum da sammore ga shanu, da kuma ƙudan bakin kogi mai makantarwa, ka sami amsar farin da ke tsakiyar taswirarmu.

A kudu ma yaƙi ne ya tara Yarabawa. Da tsohuwar daular Oyo ta rushe a farkon ƙarni na 19, jama'arta suka kwarara cikin kurmi. Badun ta fara ne a matsayin sansanin yaƙi wajen 1829, Abekuta kuma wajen 1830. Ibo kuwa ba su yi manyan birane ba, zaman ƙauyuka suka yi a warwatse cikin doya da kwakwar manja, amma duk da haka sun cika ƙasarsu maƙil, har fili ya yi musu kaɗan. Wannan ƙarancin fili shi ne daga baya ya watsa su ko'ina cikin ƙasa.

Reluwe, gyaɗa da kuza

Turawa sun ci Kano da Sakkwato cikin 1903. Tashin farko da wannan ya jawo shi ne hijirar da jama'a suka yi gabas bayan Sarkin Musulmi Attahiru, wanda aka kashe a Burmi a shekarar. Waɗanda suka tsira da yawa sun wuce har Sudan, zuriyarsu na can a Mai Wurno da sauran garuruwan bakin kogin Nilu. Bayan ƙura ta lafa, sai mutane suka fara fita daga ganuwa suna saran daji, kufayin iyaka suka sake zama gonaki, mutanen kan dutse kuma suka fara saukowa fili sannu a hankali.

Abin da ya fi kome juya zaman jama'a a wannan zamani shi ne hanyar jirgin ƙasa. Ta iso Kano cikin 1911, nan da nan cinikin gyaɗa ya buɗe. Babban layinta ya kai Jos cikin 1927, Ƙauran Namoda cikin 1929, Nguru cikin 1930, Maiduguri kuwa sai 1964. Duk inda aka yi tasha sai gari ya tashi, duk garin da hanya ta kauce masa sai ya fara tsufa. Dubi Funtuwa da Gusau yadda auduga da reluwe suka raya su. Dubi Kaduna, wadda ba kowa ba ce kafin Turawa su baro Zungeru su mai da ita hedkwatar Arewa cikin 1917. Dubi Jos, wadda haƙar kuza ta tara mata leburori daga ƙasar Hausa da Barno da kudu. A kudu ma haka aka yi, kwal ya haifi Inugu, tashar jiragen ruwa ta haifi Fatakwal, koko ya cika ƙasar Yarabawa da 'yan ƙodago.

Tafiyar ta zama ta kai da kawo. Ma'aikatan reluwe da akawuna da 'yan tireda daga kudu suka cika Sabon Gari a Kano da Zariya, mu kuma fataken goro da shanu suka kafa Sabo a Badun cikin 1916, suka zauna Shagamu da Agege. Haraji, wanda dole a biya shi da kuɗi, ya ƙarfafa cin rani. Yunwa ma ta tashi mutane, kamar Ƙaƙalaba ta 1913 zuwa 1914 wadda kakanninmu ba su taɓa mancewa da ita ba. Gwamnati da kanta ta gwada tashin jama'a da gangan. A ƙasar Anchau, daga ƙarshen shekarun 1930, an sare kurmin bakin rafuka don korar ƙudan tsando, aka tattara mutane, aka gina sabon gari aka sa masa suna Takalafiya. A Mokwa an gwada kafa manoma cikin 1949 amma abin bai yi ƙarko ba. Bayan mulkin kai kuma, madatsar ruwa ta Kainji da aka gama cikin 1968 ta tashi fiye da mutum 40,000, tsohuwar Busa ta nutse, aka gina sabuwa.

Ranar da ƙidaya ta zama siyasa

Duk wannan motsi da ake yi, ba wanda ya san adadinmu na haƙiƙa. Ƙidayar 1921 da ta 1931 galibi daga takardun haraji aka tsamo su, cikin 1941 kuwa yaƙin duniya ya hana. Ta farko da za a iya kira ƙidaya sosai ita ce ta 1952 zuwa 1953, wadda ta ba da miliyan 30.4. Jihar Arewa ta sami miliyan 16.8, Gabas 7.2, Yamma 6.1, birnin Ikko kuwa wajen 270,000 kacal. A lokacin Badun ce birni mafi girma da mutum 459,000, Kano kuwa wajen 130,000. Kusan kowa ya yarda an ƙirga mu ƙasa da yadda mu ke, domin talaka ya ɗauka duk wanda ya zo da takarda da alƙalami haraji ya ke nema, ko kuwa ɗibar soja, ko kama yara a kai makarantar boko.

Shekara goma bayan haka sai hali ya juye. 'Yan siyasa sun wayar wa mutane da kai cewa da yawan kai ake raba kujerun majalisa da asibiti da famfo. Ƙidayar watan Mayu 1962 ta jawo rigimar da ta sa Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa ya soke ta. Aka sake cikin Nuwamba 1963, aka sami miliyan 55.7: Arewa 29.8, Gabas 12.4, Yamma 10.3, Tsakiyar Yamma 2.5, Ikko 665,000. Duk wanda ya yi lissafi a makarantarmu zai ga matsalar. Daga miliyan 30.4 zuwa 55.7 cikin shekara goma sha ɗaya, ƙarin ya haura kashi 80 cikin 100, abin da haihuwa kaɗai ba za ta iya kawowa ba. Yamma da Tsakiyar Yamma in aka haɗa su sun fi ninki biyu. Watau an rage a ta farko, an kuma yi aringizo a ta biyu, kuma ba jihar da za ta ce hannunta a wanke ya ke. Firimiyan Gabas, Dokta Michael Okpara, ya ƙi amincewa, ya kai ƙara Kotun Ƙoli, kotu ta ce ba ta da hurumi. Da waɗannan alƙaluma aka raba kujeru 312 na Majalisar Wakilai: Arewa 167, Gabas 70, Yamma 57, Tsakiyar Yamma 14, Ikko 4. Wannan gardama na cikin itatuwan da suka hura wutar da ta ci Jamhuriya ta Farko. Kashe-kashen 1966 suka sa mutanen Gabas fiye da miliyan ɗaya suka kwashe suka koma gida, Sabon Gari ya zama kango, aka shiga yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970. Bayan yaƙi da yawansu sun dawo, sun ma fi da.

Abin da na gani cikin 1973

A nan ne labarin ya biyo ta kaina. Cikin Nuwamba 1973, zamanin Janar Gowon, aka ɗebi waɗansunmu manyan ɗalibai tare da malaman firamare aka ba mu horo na 'yan kwanaki, aka tura mu ƙauyuka. Ni an haɗa ni da soja guda da ɗan rakiya daga gidan dagaci, ga jakar takardu, ga kwalbar tawada ta shafa wa wanda aka ƙirga a yatsa. Shekarar fari ce, gero ya bushe a tsaye, rumbuna wayam. Gida nawa muka tarar an toshe ƙofa da ƙaya, aka ce masu shi sun yi kudu neman abinci. A bakin kasuwa kuwa ga Buzaye da mutanen Nijar da fari ya koro, dabbobinsu sun ƙare, suna zaune a gindin itatuwa.

A wani gida na sami dattijo a zaure yana saƙar igiya. Muka gaisa, na ce, "Baba, mutum nawa ne a gidan nan?" Ya dube ni, ya dubi sojan, ya ce, "Yaro, ni da tsohuwa ne, sai 'yan jikoki biyu." Alhali ga fartanya biyar jingine a bango, ga takalman manya a ƙofar turaka. Na ce, "Baba, wallahi ba maganar haraji ba ce." Ya yi murmushi ya ce, "Haka na bara ma ya faɗa." Sai da ɗan rakiya ya sa baki kafin samari uku suka fito daga bayan rumbu. Ko da aka zo kan mata, uwargida ta ƙi faɗin sunan ɗanta na fari saboda kunya, sai kishiyarta ce ta faɗa. Wata kuma ta ce ba a ƙirga 'ya'ya, kada baki ya kama su.

Kwana biyu bayan haka, a wani ƙauyen, sai na gamu da akasin wannan. Wani mai faɗa a ji ya kira ni gefe, ya sa aka kawo mini fura da soyayyar kaza, ya ce akwai 'yan garin da suka tafi cin rani, akwai kuma waɗanda ke hanya, in taimaka in rubuta su, don in garin bai cika ba ba za a ba su dispensare ba. Ya miƙo mini jerin sunaye. Ba zan ɓoye muku ba, na rubuta waɗansu. Ina yaro, kunyar babba ta kama ni, ga kuma tausayi, domin na ga yadda mata ke tafiyar mil bakwai da yaro a goye neman magani. Amma har yau abin na damuna, domin na san in kowane malamin ƙidaya ya ƙara goma, ƙasa ta ƙara miliyoyin mutanen da ba a haifa ba.

Da sakamako ya fito sai aka ce mun kai miliyan 79.8, jihohin Arewa shida suna da 51.4, watau kashi 64 cikin 100. Ƙasa ta ɗauki zafi. Janar Murtala na hawa mulki cikin 1975 ya soke ta, aka ci gaba da aiki da alƙaluman 1963. Wahalarmu ta tafi a banza, kuma ina cikin waɗanda suka jawo haka.

Jihohi, man fetur da sabon babban birni

A halin nan kuwa jama'a ba su tsaya jiran ƙidaya ba. An yi jihohi 12 cikin 1967, suka zama 19 cikin 1976, 21 cikin 1987, 30 cikin 1991, 36 cikin 1996. Duk garin da ya zama hedkwatar jiha sai sakatariya da gidajen ma'aikata da kasuwa su biyo baya. Wanda ya san Dutse ko Damaturu ko Jalingo ko Birnin Kebbi kafin 1991 ya san abin da na ke nufi. Kuɗin man fetur na shekarun 1970 ya janye matasa daga gona, dalar gyaɗa ta ɓace a Kano, masaƙun Kakuri a Kaduna da masana'antun Bompai da Sharaɗa suka cika da ma'aikata, kafin su ma su durƙushe daga baya. Farin 1983 zuwa 1984 da cutar bushiya suka ƙara tura makiyaya kudu. Tabkin Chadi, wanda a farkon shekarun 1960 ya kai murabba'in kilomita 25,000, ya janye har ya rage ƙasa da kashi ɗaya cikin goma a shekarun 1980. Sannu a hankali farin nan na tsakiyar taswira ya fara cika, domin an sare daji, ƙudan tsando ya ragu, manoma daga arewa da Tibi daga Binuwai da Fulani da shanunsu duk suka nufi wuri guda. Rigingimun manoma da makiyaya, da na ɗan ƙasa da baƙo, a Filato da Nasarawa da Taraba da kudancin Kaduna, ba za a gane su sosai ba sai an san wannan tarihi.

Cikin Fabrairu 1976 aka yi dokar kafa sabon babban birni a tsakiyar ƙasa, kuma ɗaya daga cikin dalilan zaɓen wurin shi ne ƙarancin jama'arsa, ko da ya ke Gwari da sauransu na zaune a ciki tun kaka da kakanni. Aka ari sunan Abuja, tsohon garin ya koma Suleja. Gwamnati ta tare ranar 12 ga Disamba 1991. Ƙidayar wannan shekarar ta sami mutum 371,674 a yankin, ta 2006 kuwa ta sami 1,406,239, kusan ninki huɗu cikin shekara 15, ban da ɗimbin masu kwana a Maraba da Masaka da Madalla da Suleja, waɗanda a takarda 'yan Nasarawa ne da Neja.

Ƙidayar 1991 da ta 2006

Ta 1991 an yi ta ne zamanin Janar Babangida, ƙarƙashin shugabancin Makaman Nupe, Alhaji Shehu Musa. An hana zirga-zirga na kwana uku, an kuma cire tambayar ƙabila da ta addini don a rage gardama. Aka sami kusan miliyan 89, ƙasa ƙwarai da abin da ake zato, domin hasashen da aka gina a kan alƙaluman 1963 ya haura miliyan 100. Wannan kaɗai ya ishe mu shaida a kan 1963. A wannan karon na ga wani sabon salo, watau mutanen birni na cika motoci suna komawa garuruwansu a ƙirga su a can. Sakamakon haka sai ƙauyen da ba kowa ya kumbura a takarda, unguwar birni da ke neman ruwa da makaranta ta rame.

Ta watan Maris 2006, zamanin Shugaba Obasanjo, ta ba da miliyan 140.4. Arewa maso Yamma ce kan gaba da miliyan 35.9, sai Kudu maso Yamma 27.7, Kudu maso Kudu 21, Arewa ta Tsakiya tare da Abuja 20.4, Arewa maso Gabas 19, Kudu maso Gabas 16.4. Jihar Kano ta sami miliyan 9.4, Legas 9.1, abin da gwamnatin Legas ta ƙi yarda da shi, ta ce nata lissafin ya ba ta fiye da miliyan 17. Abin lura shi ne, in ka cire ta 1973 da aka soke, rabon Arewa bai taɓa fita daga tsakanin kashi 53 da 56 cikin 100 ba tun daga 1952. Waɗansu na ganin wannan shaida ce ta gaskiya, waɗansu kuwa na ganin alama ce ta cewa kowa na tsaron kasonsa.

Akwai maganar da abokanmu na kudu kan yi, cewa sun bi hanya daga Jebba zuwa Kaduna ba su ga kowa ba sai daji, to ina mutanen? Amsar na cikin taswirar malaminmu. Wannan hanya ta ratsa farin tsakiya ne. Bisa alƙaluman 2006, Jihar Neja mai faɗin murabba'in kilomita 76,000 na da wajen mutum 50 a kowane murabba'i, Kano na da wajen 470, Anambara wajen 870, Legas fiye da 2,500. Kudu ta fi cunkoso, wannan gaskiya ne, amma Arewa ta ɗauki fiye da kashi uku cikin huɗu na faɗin ƙasar. Ga kuma bambancin haihuwa. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna mace a Arewa maso Yamma kan haifi 'ya'ya 6.6 a matsakaicin lissafi, a Kudu maso Yamma 3.9, Katsina 7.3, Legas 3.4. Amma mu ma sai mu yi adalci. Wanda ya je Agege ko Mile 12 ko Idi Araba ya ga yawan 'ya'yanmu da ke can, ya san koken Legas ba banza ba ne.

Me ya sa ake wannan ja-in-ja? Saboda yawan kai kuɗi ne da mulki. A rabon arzikin ƙasa tsakanin jihohi, kashi 30 cikin 100 bisa yawan jama'a ake yin sa. Daga kujeru 360 na Majalisar Wakilai, Kano na da 24, Legas 24. Daga ƙananan hukumomi 774, Kano na da 44, Jigawa da aka cire daga jikinta na da 27, Legas kuwa 20. Dattijon nan na zaure ya ɓoye 'ya'yansa ne don a zamaninsa kowane kai bashi ne. Tun da gwamnatocin Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke haraji a Kano da Kaduna cikin 1979, kuɗi kuma ya koma fitowa daga rijiyar mai, sai kowane kai ya zama riba, ko da na ƙarya ne.

Tashin da ba a so

Tashi na baya-bayan nan shi ya fi ciwo. Rikicin Boko Haram ya raba fiye da mutum miliyan 2 da gidajensu, musamman cikin 2014 da 2015, Maiduguri ta cika ta batse, garuruwan bakin tabki suka zama kufai. A Zamfara da Katsina da Sakkwato da Neja 'yan bindiga sun tashi ƙauyuka masu yawa, dubbai suka ƙetara ƙasar Maraɗi daga 2019. Dajin Rugu, wanda ba ya zaunuwa a ƙarni na 19, ya sake zama abin tsoro. Ƙauyen da na ci kazar nan na koma cikinsa 'yan shekarun baya. Sun sami dispensaren, amma na tarar da shi a kulle, ciyawa ta cinye harabar, mutanen sun koma hedkwatar ƙaramar hukuma suna zaune a rumfunan kasuwa da ajujuwan firamare. Babu takardar da ta san da wannan tashi nasu.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa mun haye miliyan 200 wajen 2019. An sa ranar sabuwar ƙidaya cikin watan Mayu 2023, aka ɗage. Tsohuwar Jihar Kano da ke da miliyan 5.8 cikin 1963, in ka haɗa Kano da Jigawa cikin 2006 ta kai miliyan 13.8, gonar kuwa ita ce dai ta kaka, ana ta tsaga ta wajen rabon gado. Ajin da muka zauna mu talatin, na leƙa irinsa na ga yara fiye da ɗari a ƙasa. Wanda bai san yawan iyalinsa ba, yaya za a yi ya san mudu nawa zai auna?

A cikinmu akwai hakimai da dagatai, akwai tsofaffin manyan sakatarori da 'yan majalisa da shugabannin makarantu, kuma maganarmu na da nauyi a garuruwanmu. Roƙona shi ne, duk ranar da malamin ƙidaya ya yi sallama, mu sa a ƙirga kowa a inda ya ke kwana, kada a ɓoye, kada a ƙara, kada kuma a ja yaron mutane gefe a ba shi kaza kamar yadda aka yi mini. Sa'an nan wanda duk ya ke da sauran dattijo a gida, ya zauna da shi ya rubuta daga ina kakanninsu suka taso, me ya tashe su, wace shekara suka sauka inda su ke. Ni na yi nawa, na kuma gano cewa zuriyarmu ta yi ƙaura sau huɗu cikin shekara 150.

Taswirar tawa na ba jikata, ta kuma yi mini tambayar da malaminmu ya yi mana. A nan zan dasa aya. Ina miƙa gaisuwa ga malamanmu da ke raye, waɗanda suka riga mu kuma Allah ya gafarta musu. Sai mun haɗu a taro na gaba.